Yaro Ɗan Shekara 14 da Doguwar Hanya Zuwa Gaban Likitan Ƙwaƙwalwa: Nazarin Lamari

Wannan nazari ya shafi wani yaro ɗan shekara 14 wanda iyayensa suka shafe kusan wata tara suna neman wanda zai gane abin da ke damunsa, kafin su kai ga likitan ƙwaƙwalwa da ya ƙware a kan yara da matasa. An sakaya sunansa da na iyalinsa da na wuraren da suka je, domin abin da ake son dubawa shi ne yadda aka yi ta safa da marwa daga wannan ƙofa zuwa waccan, da inda lokaci ya salwanta, da abin da ya buɗe hanya daga ƙarshe. Irin wannan lamari ba baƙo ba ne a ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane mutum bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14.

Yadda abin ya faro

Yaron shi ne na biyu a gidansu, yana da ƙoƙari a lissafi, kuma ba ya wasa da ƙwallon ƙafa a da. Sauyin ya zo ne a hankali, ta yadda babu wanda zai iya nuna ranar da ya soma. Ya zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai ya daka wa ƙanwarsa tsawa ko ya banko ƙofa. Ya daina zuwa fili. Da dare idonsa biyu har gari ya kusa wayewa, da safe kuma tashinsa sai an yi da gaske, yana kukan ciwon kai da ciwon ciki. Mahaifiyarsa ta lura da cewa wandon makarantarsa ya fara yi masa yawa, har ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa don ya kama shi, amma bai gaya wa kowa ba. Sakamakon jarrabawarsa ya faɗi, makaranta kuma ta aiko da takarda tana ƙorafin rashin ladabi da barci a aji.

Mahaifinsa ya ɗauki abin a matsayin tashen balaga da taurin kai, sai ya karɓe wayarsa ya ƙara masa tsanani. Mahaifiyarsa kuwa ta fi jin tsoron ko ya faɗa hannun miyagun abokai ya fara shaye-shaye, har ta bincike jakarsa da aljihunansa ba ta sami komai ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kawo ciwon damuwa a ransa, kuma ba za a ga laifinsu sosai ba, domin hoton da yawancin mutane ke da shi na mai wannan ciwo shi ne mutum mai kuka da zaman shiru. A wajen yara da matasa abin yakan zo da wata fuska. Kundin tantance larurorin ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na 5 da ya fito a 2013, ya faɗi ƙarara cewa a yara da matasa saurin fushi zai iya tsayawa a madadin baƙin ciki, muddin ya ɗauki aƙalla mako biyu tare da wasu alamomi irin su rasa sha'awar abin da aka saba so, sauyin barci da ci, gajiya, kasa tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. Yaron nan yana da kusan dukkansu. Matsalar ita ce fushin ɗa namiji a kan fassara shi da hali, hali kuma horo ake yi masa, ba a kai shi asibiti.

Ƙofofi biyu na farko

Ciwon kai ne ya kai su asibiti. Likitan farko, wanda ke duba kowane irin majiyyaci, ya gan su na 'yan mintoci, mahaifiyar ce ta yi duk bayanin yayin da yaron ya sunkuyar da kai yana amsa "e" da "a'a". An auna jininsa, ba a sami ƙarancin jini ko wata cuta ba, aka ba shi maganin ciwon kai. Da suka koma ba sauƙi, sai aka tura su wajen likitan jijiyoyi, inda bayan jira aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, aka kuma yi gwajin da ake yi wa masu farfaɗiya. Duka suka fito lafiya lau.

Binciken jiki ba ɓata lokaci ba ne, wajibi ne ma, domin akwai cututtukan jiki da ke kwaikwayon ciwon damuwa. Ɓarnar ta faru ne a yadda aka fahimci sakamakon. Likitan ya ce babu abin da ya sami ƙwaƙwalwar yaron, yana nufin babu ƙari ko rauni ko farfaɗiya, iyayen kuma suka ji kamar an ce lafiyarsa ƙalau. Daga nan mahaifin ya ƙara tabbata cewa ƙarya yake yi don gudun makaranta. Shi kuwa yaron, kamar yadda ya bayyana daga baya, a ranar ne ya yanke cewa babu wanda zai taɓa yarda da shi, don haka gara ya ja bakinsa.

Ya kamata a tsaya a nan a rarrabe aikin mutane uku da iyalai ke yawan gauraya su. Likitan jijiyoyi yana duba cututtukan da suka shafi ginin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kamar farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Masanin halayyar ɗan Adam yana gwaji da jiyya ta hanyar tattaunawa, kuma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani. Likitan ƙwaƙwalwa na yara da matasa kuwa cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci, ya yi horo a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, sannan ya ƙara wani horon na musamman a kan yara, wanda a Amurka, alal misali, shekara biyu ne. Shi ne ke iya haɗa binciken jiki da tarihin girman yaro da halin gida da makaranta, ya kuma yanke ko magani ya dace. Fannin ma ba tsoho ba ne: sashe na farko irinsa a asibitin koyarwa likita Leo Kanner ne ya kafa shi a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka a 1930.

Takardar layi biyu

Likitan jijiyoyin ya ambata, suna gab da fita, cewa ba laifi su ga likitan ƙwaƙwalwa. Likitansu na farko ya rubuta takardar turawa, kuma abin da ke cikinta bai wuce layi biyu ba: yaro ɗan shekara 14, ciwon kai, rashin barci da sauyin hali, binciken jijiyoyi lafiya, a duba shi. Aka karɓi takardar a sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara na wani babban asibiti, aka ce su jira kira.

Abin da iyayen ba su sani ba shi ne cewa a irin waɗannan sassa ba bin layi kawai ake yi ba. Akwai likita ko ma'aikacin jinya da ke karanta kowace takarda yana jera su gwargwadon hatsarin da ta nuna, kuma bai taɓa ganin yaron ba, abin da aka rubuta kawai yake gani. Takardar da ba ta ce an daina zuwa makaranta ba, ba ta ce an rame ba, ba ta ce komai a kan tunanin mutuwa ba, dole ta koma ƙasa. Dalilin wannan tankaɗe da rairaya shi ne ƙarancin ma'aikata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya nuna cewa matsakaicin adadin ma'aikatan wannan fanni a duniya 13 ne ga kowane mutum 100,000, inda ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai 2 ba, masu arziki kuma suka haura 60. Waɗanda suka ƙware a kan yara wani ɗan yanki ne kawai na wannan adadi, kuma ko a ƙasashe masu arziki jiran watanni abu ne da aka saba da shi.

Da shiru ya yi yawa, mahaifiyar ta shiga neman wata hanya da kanta. Ta samo sunaye a intanet da wajen 'yan'uwa. Biyu daga cikin likitocin da ta kira suka ce ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Wani mutum da ke tallata kansa a matsayin ƙwararre ya yi mata alkawarin warkewa cikin zama kaɗan tun bai ga yaron ba, ya kuma nemi ta sayi wasu ƙwayoyin ƙarin kuzari a hannunsa. Abin da ya cece ta shi ne ta nemi sunansa a rajistar hukumar da ke ba likitoci lasisi, ba ta same shi ba, sai ta janye. Wannan mataki ne da kowane iyali zai iya ɗauka, domin yawancin ƙasashe suna da irin wannan rajista. Bayan lasisi, tambayoyin da ke da amfani su ne ko likitan ya yi horo a kan yara, ko yakan zauna da yaro shi kaɗai, ko yana aiki tare da masanin halayya, da kuma wa za a kira idan abu ya taso da dare. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi alkawarin waraka kafin bincike kuwa, ya riga ya ba da amsa.

Mahaifin a wannan lokaci bai goyi bayan neman ba, kuma dalilansa sun cancanci a saurare su. Yana tsoron a laƙaba wa ɗansa sunan da zai bi shi har girma, yana tsoron maganin da ya ji ana cewa in an fara ba a dainawa, yana kuma da wani dalili na uku da bai faɗa wa kowa ba sai daga baya.

Tambayar da ba a yi ba

A wata na takwas yaron ya je ɗakin shan magani na makarantarsu da kukan ciwon kai, kamar yadda ya sha yi. Ma'aikaciyar jinyar ta duba littafinta ta ga yawan zuwansa, sai ta rufe ƙofa, ta ja kujera ta zauna kusa da shi maimakon ta tsaya a bayan tebur. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi abokai. Sannan ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin cewa gara a ce ba ya raye, da ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana murza bakin rigarsa, kafin ya ce ya yi makonni yana fatan ya kwanta kada ya tashi, kuma ya fara ɓoye wasu magunguna da ya ɗauko a gida.

Cikin wata takwas, manya da dama sun duba yaron nan, amma wannan ne karo na farko da wani ya zauna da shi ba tare da iyayensa ba, kuma karo na farko da aka yi masa wannan tambaya. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna gudunta ne saboda tsoron kada su cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Bincike bai goyi bayan wannan tsoro ba. A wani gwaji da Madelyn Gould da abokan aikinta suka wallafa a 2005, wanda ya ƙunshi ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York, waɗanda aka yi wa tambaya a kan kashe kai ba su fi sauran shiga damuwa ko irin wannan tunani ba a kwanakin da suka biyo baya. Kashe kai kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke jawo mutuwar masu shekara 15 zuwa 29 a duniya, don haka shirun ya fi tambayar hatsari nesa ba kusa ba.

Ma'aikaciyar ba ta yi masa alkawarin rufa asiri ba. Ta gaya masa cewa wannan magana ce da dole iyayensa su sani a yau, amma ta ba shi zaɓi ko ya faɗa da bakinsa ko ita ta faɗa yana zaune. Ya zaɓi na biyu, ya kuma roƙi a fara kiran mahaifiyarsa. Da ta zo, abin da kawai ya iya cewa shi ne, "Mama, ki yi haƙuri." A ranar aka kai shi sashen gaggawa, inda likitan da ke bakin aiki ya tantance hatsarin, ya ga za a iya kula da shi a gida bisa sharuɗɗa. Aka rubuta tsarin kariya irin wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka bayyana a 2012: alamomin da yaron ke ji idan tunanin ya fara zuwa, abin da zai yi da kansa don ya lafa, mutanen da zai kira, lambar gaggawa, da kuma kawar da abubuwan hatsari daga inda hannunsa zai kai. A daren nan aka kwashe duk magungunan gidan aka kulle, aka kuma tsara yadda ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Sabuwar takardar da aka rubuta ta cika shafi guda. Ta faɗi tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da ramar, da kwanakin makarantar da ya rasa, da tunanin mutuwa da shirin da ya fara. Sashen da ya bar su suna jira tsawon watanni ya kira su cikin 'yan kwanaki. Yaro ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, asibiti ɗaya ne, abin da ya canza shi ne bayanin da ya isa gaban mai tantancewa.

Gaban likitar

Tantancewar ta ɗauki zama biyu masu tsawo. Likitar ƙwaƙwalwar yaran ta fara ganin su tare, sannan yaron shi kaɗai, sannan iyayen su kaɗai. Tun farko ta shimfiɗa masa iyakar sirri, cewa abin da ya gaya mata zai tsaya tsakaninsu sai dai idan rayuwarsa ko ta wani na cikin hatsari, ko kuma wani yana cutar da shi. Mahaifiyar ta zo da wani ƙaramin littafi da ma'aikaciyar jinya ta ba ta shawarar ta buɗe, inda ta riƙa rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa, abin da ya ci, ranakun da ya je makaranta, da duk magungunan da aka taɓa ba shi. Likitar ta karanta shi shafi bayan shafi, ta ce ya rage mata aikin zama guda. An ba iyaye da malamin ajinsa da shi kansa takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya tsara a 1997 don auna ƙarfi da matsalolin yara, an kuma ba shi wata mai tambayoyi 9 a kan alamomin damuwa. Likitar ta jaddada cewa waɗannan takardu ba su ke yanke hukunci ba, ma'auni ne da za a riƙa komawa gare shi don ganin ko ana samun sauƙi. Ta kuma sa a auna aikin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroid, wanda ba a yi ba a baya, ya fito daidai.

Abubuwa biyu suka fito a zaman kaɗaici waɗanda da ba za su taɓa fitowa a zaman taro ba. Yaron ya bayyana cewa tun farkon shekara wasu 'yan ajinsu ke yaɗa wani hotonsa da suka sauya a zauren hirarsu na waya suna yi masa dariya, shi ya sa ya bar ƙwallo, domin a fili ake haɗuwa da su. Karɓe wayar da mahaifinsa ya yi ya raba shi da masu tsokanar, amma ya raba shi kuma da aboki ɗaya tilo da yake iya yi wa magana. Ba ya shan komai, zargin da aka yi masa kuma ya yi masa ciwo ƙwarai.

Na biyun daga mahaifin ya fito. Da likitar ta tambayi tarihin dangi, ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce ƙaninsa ya taɓa shiga wani yanayi yana saurayi, ya yi kwanaki ba barci ba gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana kashe kuɗi ba lissafi, har aka kwantar da shi, kuma iyalin ba sa tayar da zancen. Wannan shi ne dalilinsa na uku: yana ganin kai ɗansa wajen likitan ƙwaƙwalwa tamkar amincewa ne cewa abin da ya sami ƙaninsa ya dawo. Likitar ba ta zarge shi ba, ta gode masa, domin bayanin yana da nauyi a aikinta. Abin da ya kwatanta ya yi kama da larurar baifola, wadda mai ita ke kaiwa da komowa tsakanin tsananin damuwa da tsananin zumuɗi, tana bin dangi, sau da yawa kuma da damuwa take fara bayyana a matashi. Maganin damuwa zai iya tayar da ɓangaren zumuɗin ga mai wannan larura. Ta binciki yaron dalla-dalla ba ta sami alamar ya taɓa shiga irin wannan yanayi ba, sai ta tsayar da cewa ciwon damuwa ne mai tsanani haɗe da fargaba, amma ta rubuta tarihin baffan nasa a saman fayil. A ganina wannan wuri ne da ƙwarewa ta nuna kanta, kuma shi ne amsar wanda zai ce me ya sa ba za a rubuta maganin tun a ziyarar farko a huta ba.

Shawarar jiyya

Likitar ta ba da shawarar haɗa abu biyu, wato jiyyar tattaunawa da ke gyara tunani da ɗabi'a, wadda aka fi sani da CBT, da kuma maganin damuwa mai suna fuloksetin. Ta kafa hujja da babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2004, wanda ya ƙunshi matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17: bayan mako 12, kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa biyun sun sami sauƙi sosai, kusan kashi 61 a masu magani kaɗai, kashi 43 a masu tattaunawa kaɗai, da kusan kashi 35 a waɗanda aka ba ƙwaya marar sinadari. Ba ta ɓoye ɗaya ɓangaren ba. A shekarar 2004 ɗin ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi mafi ƙarfi a kan magungunan damuwa, bayan nazarin gwaje-gwaje 24 ya nuna cewa tunani ko yunƙurin kashe kai ya bayyana a kusan kashi 4 cikin ɗari na yaran da suka sha magani, idan aka kwatanta da kashi 2 a sauran, ko da yake babu wanda ya mutu ta wannan hanya a gwaje-gwajen. Ma'anar gargaɗin, in ji ta, ita ce a sa ido sosai a makonnin farko, ba a bar ciwo mai tsanani ba magani ba. Da ciwon nasa mai sauƙi ne, da tattaunawa kaɗai za a fara.

Ga tsoron mahaifin kuwa, ta bayyana cewa maganin ba ya sa maye ko ƙishirwar ƙari kamar kayan shaye-shaye, amma ba a yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. Sannan ta juya ga yaron ta tambaye shi ra'ayinsa, ta jira ya amsa. Izinin doka na iyaye ne, amma sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya tanadi a saurari yaro a duk abin da ya shafe shi, kuma a aikace matashin da ba a shawarce shi ba yakan ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ya tofar. Ya amince, bisa sharaɗin cewa ba za a gaya wa 'yan ajinsu ba.

An fara da ƙaramin awo, maganin yana hannun mahaifiyar, ana ganin likita kowane mako a watan farko. An gaya musu su kira nan take idan suka ga ya kasa zama wuri ɗaya, ko barcinsa ya ragu amma ba ya gajiya, ko maganarsa ta ƙaru fiye da kima, ko tunanin mutuwa ya tsananta. A mako na biyu ya yi fama da tashin zuciya, mahaifiyar ta so dakatarwa, amma ta kira lambar da aka ba ta, aka ce a riƙa ba shi bayan ya ci abinci, abin ya wuce. Samun masanin halayya ya zama wani sabon jira, daga ƙarshe aka sami wanda ke ganinsa ta bidiyo, abin da ya tilasta wa iyalin ware masa ɗaki na awa guda da babu mai shiga ko tsayawa a bakin ƙofa. Wajen mako na shida mutanen gida suka fara ganin sauyi kafin shi ya ji a jikinsa, ya fara zama cin abinci da su, ya tambayi sakamakon wani wasa. Makaranta ta amince ya dawo a hankali, rabin yini da farko, sai dai matakin da ta ɗauka a kan masu tsokanar bai taka kara ya karya ba, iyayen suka yi ta bibiya kafin a raba shi da su a aji. Da jarrabawa ta matso ya sake yin ƙasa na kusan mako biyu, aka koma ga tsarin kariya, aka matso da ranar ganin likita.

Inda lokaci ya tafi

Idan aka dubi watanni taran nan, ƙarancin likitoci gaskiya ne, amma ba shi ne ya cinye mafi yawansu ba. An yi asarar lokaci ne saboda babu wanda ya zauna da yaron shi kaɗai na minti goma, saboda sakamakon gwaji mai kyau ya zama hujjar ƙaryata shi, da kuma saboda takardar turawa ba ta ɗauki nauyin abin da ke faruwa ba. Duk waɗannan ba sa bukatar ƙwararre. Iyaye suna da ikon neman ganin abin da aka rubuta a takardar ɗansu, su roƙi a saka ramar da rashin zuwa makaranta da duk wata magana ta mutuwa, kuma idan hali ya ƙara ɓaci ana cikin jira, su koma su sanar don a sake tantancewa maimakon su zauna jiran kira. Idan kuwa yaro ya ambaci shiri ko ya yi yunƙuri, babu sauran zancen layi, sashen gaggawa za a nufa a ranar.

Akwai wuraren da ba a samun likitan ƙwaƙwalwa na yara ko kaɗan, kuma a nan bai dace a naɗe hannu ana jiran wanda ba zai zo ba. Saboda irin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da jagorar aiki a 2010, ta sabunta ta a 2016, domin likitoci da ma'aikatan jinya da ba ƙwararru ba su iya ganowa da kula da larurorin ƙwaƙwalwa, har da na yara da matasa. Jagorar ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 maganin damuwa a hannun waɗanda ba ƙwararru ba, ta kuma sa jiyyar tattaunawa da tallafin iyali a gaba ga matasa, tare da tuntuɓar ƙwararre kafin a kai ga magani. Likitan yara, ko likitan ƙwaƙwalwa na manya da ke shirye ya nemi shawarar ƙwararre ta waya, ya fi jira marar iyaka.

A lokacin rubuta wannan nazari yaron yana wata na bakwai da fara jiyya. Yana zuwa makaranta cikakken yini, ya koma ƙwallo da wata ƙungiya dabam, makin da yake samu a takardar tambayoyi 9 ya sauka zuwa matakin da ba a ɗauka ciwo ba, ko da yake barcinsa bai gama daidaita ba. Zai ci gaba da shan maganin aƙalla wata shida daga lokacin da alamomin suka kau, sannan a rage shi a hankali cikin makonni, a lokacin da ba na jarrabawa ba. An gaya wa iyayen cewa ciwon damuwa yakan dawo ga matasa da dama, an kuma rubuta musu alamomin farko da za su lura da su. Mahaifin ne yanzu ke kai shi ganin likita. Batun tarihin baffansa yana nan a buɗe, likitar tana tambayar barci da kuzari a kowace ziyara, kuma ta ce za ta rubuta shi a takardar miƙa shi ga sashen manya idan har yana bukatar kulawa lokacin da ya cika shekara 18.